Asalin Sunan Dela Cruz da Yadda Ya Bazu Daga Tsibiran Filifin

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau, ko da yake ƙasar da ta shafa ta yi nisa da tamu nisan gabas da yamma, tana cikin wani fanni da malamanmu na da suka ba shi muhimmanci ƙwarai, wato ilmin nasaba. Zan yi magana ne a kan sunan iyali guda ɗaya, Dela Cruz, wanda ya fi kowane suna yawa a ƙasar Filifin, in nuna inda ya samo asali, da yadda hukuma ta yi niyyar kashe shi amma ya ƙi mutuwa, da kuma hanyoyin da ya bi har ya kai Amurka da ƙasashen Larabawa, kai har ma da makarantunmu na nan Arewa.

Filifin tsibirai ce sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta kuwa a yau sun haura miliyan 100. Kafin zuwan Turawa, mutanen waɗannan tsibirai ba su san wani abu wai shi sunan iyali ba. Uwa ce kan raɗa wa jaririnta suna guda, sau da yawa bisa ga halin da aka haife shi a ciki, kuma da wannan suna zai rayu har ranar da ya sami ɗan fari, daga nan sai a koma kiransa uban wane, matarsa kuma uwar wane, daidai da alkunyar da muka sani a wurin Larabawa. Musulunci ma ya riga Kiristanci isa can, domin ya shiga tsibiran Sulu tun ƙarni na 14, kuma lokacin da Sifaniyawa suka ci Manila a 1571, sarki Musulmi suka tarar a cikinta, Raja Sulaiman, mai dangantaka da gidan sarautar Burunai.

Shi wannan suna da muke magana a kai, a harshen Sifaniya ana rubuta shi de la Cruz, ma'anarsa kuwa "na gicciye". Gicciyen ya sauka tsibirin Cebu a 1521 tare da wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Magellan, wanda a zamansa can aka yi wa sarkin wurin, Raja Humabon, baftisma aka sa masa suna Carlos, matarsa kuma Juana. Magellan bai daɗe ba mutanen wani sarki mai suna Lapulapu suka kashe shi a tsibirin Mactan cikin watan Afrilu na wannan shekara, sai a 1565 wani Basifaniye mai suna Legazpi ya zo ya kafa mulkin Sifaniya da ya wuce shekara 300 yana ci. To, a cikin wannan dogon zamani ne sunan ya tsiro, kuma ina roƙonku ku dubi yadda abin yake faruwa da idon zuci. Ga limamin coci Bature zaune da babban kundin baftisma a gabansa, alƙalami a hannu; ga manomi ko masunci tsaye, an zuba masa ruwa a ka, an ce daga yau sunansa Juan ko Pedro; sa'an nan, da yake al'adar Sifaniyawa ce mutum ya zama da suna na biyu, shi kuwa ba shi da wanda ya gada, sai ya zaɓi wani lafazi na ibada da ya ji yana yawo a bakin limamai, ko kuwa limamin ya zaɓa masa: wannan ya zama de la Cruz, wancan de los Santos, wato na waliyyai, wani del Rosario, wato na carbi, wani kuma Bautista. Abin da ya faru a wannan coci shi ne ya faru a ɗaruruwan coci-coci, daga Ilocos a arewa har tsibiran Visayas a tsakiya, shekara bayan shekara, tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ba su ma jin harshen juna.

Wannan shi ne ginshiƙin maganata, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Sunan Dela Cruz ba shi da kaka guda da za a ce daga tsatsonsa kowa ya fito. An haife shi sau dubbai, a wurare dubbai. Haka kuma bai zama hujjar cewa mai shi yana da jinin Sifaniyawa ba, gama Turawan da suka zauna a tsibiran 'yan kaɗan ne idan aka gwada da yawan 'yan ƙasa. Malaman hadisi da ke cikin wannan zaure ba za su yi mamaki ba, don sun san ana kiran Imam Bukhari da al-Ju'ufi alhali ba shi da jinin wannan ƙabila ta Larabawa, sai dai kakan mahaifinsa, Mugira, ya musulunta a hannun Yaman al-Ju'ufi, gwamnan Bukhara, nisbar ta bi zuriyarsa ta hanyar wala'i. Malaman nasaba sun kiyaye wannan bambanci da kyau, suna rarrabe wanda ya shiga ƙabila ta jini da wanda ya shige ta ta wala'i, kuma duk mai binciken sunayen Filifin da bai riƙe irin wannan ƙa'ida ba, lalle zai ɗinke zuriyoyin da Allah bai haɗa ba.

Daga cikin waɗanda suka ɗauki sunan tun da wuri akwai wanda tarihi bai manta da shi ba, Apolinario de la Cruz, mutumin Lucban a lardin Tayabas, wanda jama'arsa ke kira Hermano Pule. Ya so ya shiga sahun limamai aka hana shi saboda shi ɗan ƙasa ne, sai ya kafa wata ƙungiyar ibada ta 'yan ƙasa a 1832, ta yi ta bunƙasa har hukuma ta tsorata, ta aika mata da soja, aka kama shi aka kashe a watan Nuwamba na 1841. Abin tausayi ne ƙwarai a ce mutumin da ke ɗauke da sunan gicciye a wuyansa, masu gicciyen ne suka rufe masa ƙofa.

Shekara 8 bayan haka sai babban sauyi ya zo a hannun Gwamna-Janar Narciso Clavería, wanda ya riƙe mulkin tsibiran daga 1844 zuwa 1849. Mutum ne mai son tsari ainun. Shi ne ma ya gyara kalandar ƙasar, wadda ta daɗe tana bayan ta maƙwabtanta da kwana guda saboda Sifaniyawa ta wajen Meziko suke zuwa, ya ba da umarni a tsallake ranar 31 ga Disamba 1844, mutane suka kwanta ran 30 ga wata suka wayi gari a sabuwar shekara. A rangadin da ya yi cikin larduna ya tarar da ruɗani mai yawa: wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya kowa da nasa sunan na biyu, sa'an nan ga baƙin juna bila adadin suna amsa suna ɗaya. Mai karɓar haraji bai san wanda ya biya da wanda ya zille ba, alƙali bai san magajin gaskiya ba, limami kuma ba ya iya tantance ko masu neman aure muharraman juna ne. Saboda haka, ran 21 ga Nuwamba 1849, ya fitar da doka cewa kowane gida ya ɗauki suna guda tabbatacce wanda 'ya'ya da jikoki za su gada, ya kuma sa aka buga wani kundi, Catálogo alfabético de apellidos, mai ɗauke da sunaye sama da 60,000 jere bisa haruffa, waɗansu na Sifaniya, waɗansu daga harsunan ƙasar, waɗansu kuwa sunayen itatuwa ne da dabbobi da ma'adinai da garuruwa.

Aka rarraba shafukan kundin ga hakiman larduna, su kuma suka aika wa garuruwa, inda limamin coci da dagaci da masu unguwanni suka tara magidanta, babban kowane gida ya zo ya karɓi suna a madadin iyalinsa. Malaman makaranta ma an umarce su su rubuta yara da sababbin sunayen, wanda ya sauya nasa daga baya kuma a hukunta shi. Da yake wani gari shafi ɗaya ko biyu kawai ya samu, sai ga shi mutanen gari guda duk sunayensu sun fara da harafi guda: a Oas ta lardin Albay harafin R ne ya yi yawa har yau, a tsibirin Banton na lardin Romblon kuwa harafin F. Dokar ta killace sunayen tsoffin gidajen sarauta, irin su Lacandola da Tupas, kada wanda ba shi da haƙƙi ya ɗauka, ta kuma yarda wa gidan da ya tabbatar ya riƙe sunansa har zuriya huɗu ya ci gaba da shi. Amma, ku lura da kyau, ta cire de la Cruz da de los Santos daga wannan rangwame, ta ambace su da sunansu, bisa hujjar cewa yawansu ya kai matsayin da barinsu zai dawwamar da ruɗanin da ake son a kawar.

To, yaya aka yi sunan da doka ta nuna da yatsa ya zama shi ne kan gaba a ƙasar? Clavería ya bar mulki kafin shekarar 1849 ta ƙare, ya koma Sifaniya ba shi da lafiya, ya rasu a 1851, zartar da dokar kuma ya rage ga himmar kowane hakimi da kowane limami, wani ya tsananta, wani ya yi sako-sako. A ganina kuma akwai dalili na biyu wanda ya fi wannan ƙarfi: mutumin da aka binne ubansa da kakansa da wani suna, yana kuma ganin albarka a cikinsa, ba takardar gwamna ce za ta raba shi da shi cikin sauƙi ba. Musulmin Mindanao da Sulu, da mutanen duwatsun arewacin Luzon, su dokar ba ta ma kai gare su sosai ba, tun da hannun Sifaniya bai taɓa kama su da kyau ba, shi ya sa har gobe sunayensu na gado da na Musulunci suke amsawa.

A nan ne mai bincike zai ga wani abin lura. Sunan da aka ciro daga kundin Clavería, duk da cewa bai da wata alaƙa da kakannin mai shi, yakan nuna garin da gidan yake a 1849, har masani ya ji suna ya ce wannan daga wajen Albay ya fito. Dela Cruz kuwa, da yake ya girmi kundin, ba ya nuna gari, ba ya nuna ƙabila, iyakar shaidarsa ita ce wani kaka ya taɓa tsayawa gaban kundin baftisma. Mu ma mun ga irin wannan a gida, lokacin da rajistar makarantar boko ta nemi suna na biyu, yara suka ba da sunayen garuruwansu, aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur, ba wanda kuwa zai ce duk mai amsa Kano ɗan'uwan Malam Aminu ne na jini.

Yawan sunan ne ya sa ya zama laƙabin talakan ƙasar baki ɗaya. Bayan Amurka ta karɓi tsibiran daga Sifaniya a 1898, wani ɗan jarida mutumin Sikotilan, Robert McCulloch Dick, ya lura da yadda Juan de la Cruz ke yawan fitowa a takardun 'yan sanda da na kotu, sai ya riƙa amfani da shi a rubutunsa a matsayin mutumin Filifin na yau da kullum, masu zane kuma suka ba shi siffa, da malfarsa da rigarsa ta gargajiya da silifa a ƙafa. Har yau idan jaridun Manila suna maganar tsadar shinkafa, sukan tambayi yadda Juan dela Cruz zai yi.

Game da fitarsa waje, hanya ta farko ita ce ta jiragen ruwan fatauci da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco ta Meziko daga 1565 zuwa 1815, waɗanda da yawa daga ma'aikatansu 'yan tsibiran ne, waɗansu kuma suka sauka ba su koma ba. Ta biyu ta buɗe a zamanin Amurka: a watan Disamba na 1906 leburori 15 na farko suka sauka Hawai don aikin gonakin rake, dubbai suka biyo bayansu, akasarinsu mutanen Ilocos, daga nan waɗansu suka wuce gonakin Kalifoniya da masana'antun kifi na Alaska. Ta uku, wadda ta fi duka faɗi, ta fara ne da dokar ƙwadago ta 1974 a zamanin Shugaba Marcos, lokacin da gwamnati ta mai da tura ma'aikata waje wata hanyar samun kuɗin shiga, daidai lokacin da arzikin man fetur ya sa ƙasashen Larabawa neman hannu. Magina da ma'aikatan jinya da masu aikin gida da ma'aikatan jiragen ruwa suka bazu duniya, kowa da sunan gidansu a fasfo. Alhajin da ya taɓa kwanciya a asibiti a Jidda, la'alla ya karanta irin waɗannan sunaye a ƙirjin masu jinyarsa. Waɗanda kuma suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai a Arewa cikin shekarun 1970 da 1980, da yawansu malaman Filifin ne suka koya musu lissafi da kimiyya.

A ƙasashen waje sai wani sabon ruɗani ya taso, domin de la Cruz yana nan a Sifaniya da Meziko da sauran ƙasashen da ke magana da harshen, ta yadda a Amurka sau da yawa akan ɗauki ɗan Filifin a matsayin mutumin Meziko saboda sunansa kawai. Alama ɗaya da ke taimakawa ita ce rubutu: mutanen Filifin sun saba haɗe kalmomin farko biyu su rubuta dela Cruz, abin da ba a saba yi a Madrid ko Meziko ba. Sun kuma riƙe al'adar sa sunan gidan uwa a tsakiya, tsakanin sunan yanka da sunan gidan uba, wanda hakan ke ba mai bincike igiya biyu maimakon ɗaya.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, wanda duk a cikinku ya ɗauki binciken wani gida mai wannan suna, kada ya fara da sunan. Ya tambayi gari da lardi, ya nemi kundin baftisma da na aure na cocin wannan gari, ya bi shi baya sannu a hankali, uba bayan uba, kamar yadda ake bin isnadi, kuma idan ya iso shekarar 1849 ya ƙara lura, domin a nan ne gidaje da yawa suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani.