Farin Tabo a Bakin Mai Ciwon Suga



Mai ciwon suga ya saba jin a ce ya kula da ƙafa, ya kula da ido. Baki kuwa ba kasafai ake ambatonsa ba. Alhali suga idan ya hau yakan busar da miyau, ya raunana dasashi, har wani fari-fari mai kama da kindirmo ya fito a harshe. Wannan yana gogewa da tsumma, magani kuma yana kawar da shi.

Wanda nake jiye mana tsoro shi ne farin tabon da ba ya gogewa, a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko cikin kumatu. Ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Yawancinsa ba ya zama sankara, amma wani yakan zama, jan tabo kuma ya fi fari haɗari. Wani bincike da aka buga a 2004 daga ƙasar Hangari ya sami irin waɗannan tabba a bakin kashi 8 cikin 100 na masu suga, waɗanda ba su da shi kuwa kashi 3 da ɗoriya. Sigari da garin taba da ake cusawa a baki su ne manyan masu rura wutar.

Mu da ke birni muna kusa da likitan haƙori; iyayenmu na gida ba haka ba. Tabo ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, a kawo mai shi, likita ya ɗan yanki tsoka a auna.