AN KAI ƘARA DA SUNANKU, AN TAMBAYE KU? Jawabi a zaman matasa na Mahuta

A ranar Asabar ɗin da ta gabata ne 'yan'uwa matasa na Mahuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, suka yi zamansu na wata-wata bayan sallar La'asar, inda wani ɗan'uwa malami da ya karanci dokokin ƙasar nan ya gabatar da jawabi a kan ofishin Atoni-Janar na jiha, wato babban lauyan gwamnati. 'Yan'uwa daga Zuru da Dabai da Ribah sun halarta.

Bayan buɗe taro da addu'a da karatun Alƙur'ani Mai Girma, Malamin ya fara da tambayar ko wa ya san sunan Kwamishinan Shari'a na jihar Kebbi. Hannuwan da aka ɗaga ba su kai biyar ba. Sai ya ce, "To ga shi ba ku san shi ba, amma da sunanku yake zuwa kotu. Idan aka gurfanar da mutum a babbar kotu, takarda cewa take yi Jiha ce ke ƙarar wane. Wace ce Jihar? Gidan gwamnati ne na Birnin Kabi? A rubuce dai ku ne, da manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, da tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwa."

Malamin ya ce ya san wani ɗan'uwa zai ce ina ruwanmu da dokarsu, tunda ba da ita muka yi imani ba. Ya ce gaskiya ne ba wannan tsari muke kira zuwa gare shi ba, amma wanda ake dukansa da sanda bai yi asara ba idan ya san tsawonta. "Da wannan ofishi aka tsare 'yan'uwanku shekara da shekaru. Rashin sanin yadda yake aiki ba tsoron Allah ba ne, jahilci ne, kuma azzalumi ba abin da yake so irin jahilcin wanda yake zalunta."

Daga nan ya shiga bayani. Ya ce sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta sami Atoni-Janar, kuma shi ne dai Kwamishinan Shari'a. Gwamna ke zaɓo shi, majalisar jiha ta tantance shi kamar sauran kwamishinoni, kuma gwamna na iya sallamarsa duk ranar da ya ga dama. Sashe na 211 kuwa ya ba shi iko uku a shari'ar laifi: ya shigar da ƙara, ya karɓe ƙarar da wani ya shigar, ko ya janye ta a kowane mataki matuƙar alƙali bai yanke hukunci ba. An rubuta masa cewa ya lura da maslahar jama'a da adalci, kada kuma a yi wasa da kotu.

"To idan bai lura ba fa? Nan gizo ke saƙa," in ji Malamin. Ya kawo shari'ar Ilori ta 1983. Wani lauya a Legas ya kai ƙarar babban mai gabatar da ƙararraki na jihar, sai Atoni-Janar na Legas ya miƙa takardar janye ƙarar. Magana ta kai Kotun Ƙoli, ita kuma ta ce babu kotun da za ta tuhumi Atoni-Janar dalilin janyewarsa. Abin da ya rage a kansa, in ji alƙalan, shi ne wanda ya naɗa shi, da majalisa, da kuma bakin jama'a.

A nan Malamin ya dakata, ya nemi 'yan'uwa su riƙe wannan da kyau. "Kotunsu mafi girma ce ta faɗa da bakinta cewa linzami uku ne kawai. Na farko yana hannun gwamna, wanda sau da yawa shi ne ma mai buƙatar. Na biyu yana hannun majalisa, kun kuwa san majalisun jihohinmu. Na uku yana hannunku. In kun yi shiru, doki ya tafi ba linzami ke nan."

Ya ce misali na kusa shi ne ƙarar da jihar Kogi ta kai Kotun Ƙoli tana neman a ce dokar da ta kafa hukumar EFCC ba ta halatta ba. A 2024 jihohi fiye da goma sha biyar suka shiga ƙarar ta hannun manyan lauyoyinsu, kuma Kebbi na cikin jerin, tare da Sakkwato da Katsina da Neja. Hujjarsu ita ce dokar ta samo asali daga wata yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka bisa sashe na 12 sai da amincewar mafi yawan majalisun jihohi. Ranar 15 ga Nuwamba 2024 alƙalai bakwai, ƙarƙashin Mai Shari'a Uwani Abba-Aji, suka yi watsi da ƙarar.

Malamin ya ce shi bai zo kare EFCC ba, don kowa ya san yadda ake sakinta a kan wani a ɗaure ta a kan wani. "Abin mamakin shi ne, masu kukan ba a tambayi majalisun jihohi ba, su wa suka tambaya kafin su tafi Abuja? Ku a nan Mahuta, wa ya zo ya ce muku damuwarku ta bana ita ce a rushe mai binciken kuɗin gwamnati? Nawa aka kashe a kan wannan tafiya, daga wace aljihu?" Ya ƙara da cewa a Binuwai gwamna Hyacinth Alia ya dakatar da nasa Atoni-Janar a watan Oktoba na 2024, bisa cewa ya shiga ƙarar ba da saninsa ba. Ya ce ko a can ɗin ma ai gwamna ne ya ja linzami don an tsallake shi, ba don an tsallake talaka ba.

Game da janye ƙara, ya tuna wa 'yan'uwa cewa a watan Yuni na 2019 Sanata Danjuma Goje ya janye daga takarar shugaban majalisar dattawa, a cikin kwanakin nan ofishin Atoni-Janar na tarayya ya karɓe shari'arsa daga hannun EFCC a Jos, a farkon Yuli kuma aka janye ta. Ya ce shi jerin kwanaki kawai ya karanta, fassara ta rage wa mai hankali.

Inda jawabin ya fi taɓa zukata shi ne da ya zo kan waƙi'ar Zariya ta Disambar 2015. Ya ce gwamnatin jihar Kaduna da kanta ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. A gaban kwamitin, a watan Afrilu na 2016, sakataren gwamnatin jihar ya amsa cewa an binne gawa 347 a rami guda. Kwamitin ya ɗora wa Harka laifin da ya ɗora mata, amma duk da haka ya ce a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan. "To wa aka gurfanar? 'Yan'uwanku da suka tsira da rai aka kwasa aka kai kotu, ana tuhumarsu da kisan soja ɗaya. Sai ga kotunan suna sallamarsu rukuni-rukuni, bayan sun ci shekaru a kurkuku. A 2018 jihar ta gurfanar da Malam Zakzaky (H) da mai ɗakinsa Malama Zeenatu, ta kawo shaidu 15, ranar 28 ga Yuli 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada ya ce babu ma tuhumar da za su kare kansu a kanta. Gawa 347 kuwa, babu sojan da aka kai gaban alƙali dominsu." Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai sautin salati.

Ya ce darasin shi ne ikon wannan ofishi bai tsaya ga ƙarar da ya shigar ba, har da wadda ya ƙi shigarwa, ita ce kuma ba ta barin takardar da za a bi sawu.

Malamin ya gargaɗi 'yan'uwa kada su ɗauka abin na manya ne kawai. Yaro a ƙauye 'yan sanda za su kama da zargin babban laifi, su kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin yi masa shari'a, a tura shi gidan yari, a ce fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a neman shawara. Wata shida, shekara, shawara ba ta fito ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Sannan ya kwatanta da Musulunci. Ya kawo ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, dangi suka tura Usama bin Zaid ya nema mata sassauci, Manzon Allah (S) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Ya kuma kawo yadda Imam Ali (AS), yana Halifa, ya tsaya gaban alƙali Shuraihu a kan sulkensa, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗansa, hukunci ya faɗa a kansa, ya kuma karɓa. Ya ce an taɓa yunƙurin raba Atoni-Janar da kujerar siyasa a gyaran tsarin mulki na 2015, shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu, mutum ɗaya ya ci gaba da zama yaron gwamna kuma mai tsaron adalci a lokaci guda.

A ɓangaren tambayoyi wani matashi daga Dabai ya ce to me za su iya yi. Malamin ya ce majalisar Kebbi na da kujeru 24, Fakai na da tata. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani, ita ce kuma ke amincewa da kuɗin Ma'aikatar Shari'a duk shekara. Ya ce a rubuta wa ɗan majalisa takarda da sa hannun mutane, a riƙe kwafi, a tambaye shi ƙararraki nawa ma'aikatar ta shigar, nawa ta janye, fayil nawa ke jiran shawara. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Ya ja kunne cewa a yi komai da ladabi da hujja, ban da zagi, ban da yaɗa abin da ba a tabbatar ba.

Wani kuma ya tambaya idan aka yi banza da takardar fa. Malamin ya yi murmushi ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, sai a sake rubutawa, a kai wa jarida kwafin ta farko da ranar da aka karɓe ta.

Kafin a tashi an zaɓi 'yan'uwa huɗu da za su zaga unguwanni su tattara sunayen waɗanda ke tsare ana jiran shawara, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, da ranar da aka kama kowa, su kawo a zama na gaba. An rufe da addu'a gab da kiran sallar Magariba.