Kaurin Tantanin Ido da Maganin Gulukoma

Sharhinmu na yau a kan hawan jinin ido ne, wato gulukoma, ciwon da ke cin gani a hankali, galibi ba tare da zafi ba.

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai, kaurinsa bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. A kansa likita yake ɗora na'ura ya auna matsin ruwan ido. Idan tantanin siriri ne, sai na'urar ta nuna adadi ƙasa da na gaskiya, mutum ya koma gida hankali kwance alhali jijiyar gani tana lalacewa. Wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2002 cewa masu siririn tantani sun fi shiga haɗari, kuma baƙar fata galibi namu ya fi siranta.

To ina batun magani? Akwai aikin leza mai suna SLT da ake yi don rage matsin. Hasken lezar SLT magudanar ruwan ido yake gyarawa, ba tantanin ba. A binciken LiGHT na Birtaniya, 2019, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa sun kai shekara 3 ba su bukaci maganin ɗigawa ba. Abin da ya fi nuna wanda zai amfana shi ne yawan matsin kafin aikin. Amma wannan matsin, da wanda za a auna bayan aiki, duk ta kan tantanin ake karanta su.

Saboda haka idan an ce za a yi maka leza, ka roƙi likita ya auna kaurin tantaninka tukuna.