Hutun Kwana Biyu A Wata Ƙasa: Jirgin Ƙasa Mai Gudu Da Hanyar Nasarawar Burkullu

(Laccar da wani tsohon ɗalibi, ɗan asalin Nasarawar Burkullu, ya gabatar a taron ɗaliban Anka da Gummi da Bukkuyum.)



Da aka aiko mini cewa in zo in yi magana a kan yadda mutanen Turai ke shiga jirgin ƙasa mai gudu su tafi wata ƙasa hutun kwana biyu, sai da na yi dariya, domin na san inda na fito. Mutumin da ba ya kama hanyar Gusau sai ya tambayi direbobi ko hanya lafiya, shi ne za a yi wa zancen shan iska a Faris? Amma da na sake tunani sai na ga maganar ta shafe mu fiye da yadda na zata, gama an fara shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma da yawa daga cikinku ne za su zauna a ofisoshin da za su sa abin ya yi amfani ko ya lalace.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Sa'ad da aka tura ni kwas Ingila, wata Jumma'a da yamma na bi wani abokin karatuna zuwa tashar St Pancras da ke tsakiyar Landan, muka shiga jirgin da ake kira Eurostar. Babu wanda ya ɗauko akwati, kowa da 'yar jakarsa a kafaɗa. Bayan sa'a 2 da 'yan mintoci sai ga mu a tsakiyar Faris, alhali tsawon dogon ya kusa kilomita 500. A tsakani akwai teku, amma sun haƙa rami mai tsawon kilomita 50 a ƙarƙashinsa, wanda aka buɗe a 1994, jirgin kuma yakan shafe kamar minti 20 a ciki. A fili kuwa gudunsa yakan kai kilomita 300 a sa'a guda. Muka kwana biyu muna yawo a birnin, ran Lahadi da dare muka koma, Litinin da safe muna aji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda muka zauna da su a tarago: malaman makaranta ne, da akawuna, da ɗalibai irinku, da tsofaffi masu jan jikoki.

Irin wannan jirgi Japan ce ta fara shi a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka, Faransa ta biyo baya a 1981 tsakanin Faris da Liyon. A Afirka, Maroko ta buɗe nata a 2018 daga Tanja zuwa Kasabalanka, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe na tsakanin Makka da Madina, wanda wasu alhazanmu suka riga suka hau.

To, na daɗe ina tambayar kaina, mene ne ainihin abin da ya sa hutun kwana biyu ya yiwu ga akawun Landan? Da farko na ɗauka gudu ne. Yanzu kuwa na tabbata gudu shi ne ƙarami cikin dalilan. Wanda ke da kwana biyu tak ba ya iya yin caca da rabin yini. Kafin ya biya kuɗin tikiti sai ya tabbata cewa ƙarfe 5 da aka rubuta ƙarfe 5 ce, cewa zai isa tasha daga gidansa ba da fargaba ba, kuma ba za a tsare shi a kan iyaka har hutun ya ƙare ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, ko jirgin yana gudu kamar walƙiya, mutum gida zai zauna.

Ku dubi yadda suka yi da iyaka, domin a nan darasin yake. Jami'an Faransa suna zaune a cikin tashar Landan, na Ingila kuma suna zaune a tashar Faris, watau ana duba fasfo tun kafin a shiga jirgi, in an sauka sai kowa ya kama gabansa. Jirgin ba ya tsayawa a kan iyaka ko na minti guda. Wannan ba aikin injiniya ba ne, yarjejeniya ce da ma'aikatan gwamnati suka zauna suka rubuta. Kuma da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, aka koma buga wa Ingilishi hatimi a fasfo ɗaya bayan ɗaya, sai layin mutane ya yi tsawo, har a 2023 kamfanin ya riƙa barin kujeru babu kowa a wasu jiragen safe domin kada a makara. Dogon bai canja ba, injin bai canja ba, ɗan hatimi ne kawai ya rage amfaninsu.

Yanzu mu dawo gida. Dogo ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara. Ya isa Kano a 1911, sa'an nan aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Amma ba domin kakanninmu su je ziyara aka yi shi ba, domin gyaɗa da auduga da fatu su isa bakin teku ne. Kakana ya sha ba ni labarin yadda sukan ɗora wa jakai buhunan gyaɗa daga Nasarawa, su kwana a hanya kafin su kai ma'auna, gyaɗar ta hau jirgi ta tafi Ikko, su kuwa su juyo da ƙafa. Har ya rasu bai taɓa shiga tarago ba, ko da yake guminsa ya yi ta shiga shekara da shekaru.

Sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, kuma a 2025 ana kan aikin. Kada wani ya ruɗe ku, ba irin na Faransa ba ne, domin ba a cika kiran jirgi mai gudu ba sai sabon layinsa ya ɗauki kilomita 250 a sa'a. Amma ku yi lissafi da kanku: ko da kilomita 100 yake ci a sa'a, ba zai cika sa'a 3 daga Kano zuwa Maraɗi ba. Akawun Kano na iya sallar Jumma'a a gida, ya yi Isha'i a wata ƙasa. Ba ma sai ya gyara agogonsa ba, domin lokacinmu ɗaya da Nijar, alhali mai zuwa Faris daga Landan sai ya ƙara sa'a guda.

Wani zai ce, me za a je gani a Maraɗi? Mai wannan tambaya bai san tarihin gidansu ba. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe arewa suka yi, suka kafa gadonsu a Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Kusa da ita ga Tsibiri, inda Gobirawa suka zauna bayan faɗuwar Alƙalawa. Su kuwa Gobirawan nan su ne suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, abin da ya tarwatsa gidan sarautar Zamfara har daga bisani ya tabbata a Anka. Ashe ɗan Anka da ya tsaya a ƙofar fadar Tsibiri ba yawon banza ya je ba, ya je ganin ɗaya rabin labarinsa ne, a bakin jikokin waɗanda suka kori kakanninsa kafin su ma a kore su. Bayan wannan ga tsohon gari a kwarin gulbi, wanda ambaliyar 1945 ta sa aka tashi aka hau tudu, ga babbar kasuwa, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo inda takwarorinku ke karatu da Faransanci suna hira da Hausa. Za ka canja naira zuwa sefa, amma ba ka bukatar tafinta.

Sai dai fa, 'yan'uwa, mu mutanen yammacin Zamfara sai mu auna abin da ma'aunin da na ambata. Tashar sabon dogon da ta fi kusa da mu ita ce Jibiya ko Katsina. Kafin ɗan Nasarawar Burkullu ya kai can sai ya bi Anka, ya fita Mayanci, ya shiga Gusau, sa'an nan ya zaɓa: ko ya bi Ƙaura da Zurmi, ko ya zagaya ta Funtuwa. Kowa a ɗakin nan ya san abin da 'yan bindiga suka mai da waɗannan hanyoyi a shekarun nan, ya kuma san yadda ake zama a tasha ana jiran mota ta cika. In Allah ya kai shi Jibiya, abin da ya rage zuwa Maraɗi bai kai tafiyar sa'a guda ba. Watau jirgin zai ɗauke masa guntun da ya fi sauƙi, ya bar shi da mai wuyar. Tsohon dogon Gusau kuma ba zai cece shi kai tsaye ba, domin faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, na sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyu. Shi kansa jirgin ba a ce ya tsira ba: mun ga harin da aka kai wa na Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022, wanda ya tsai da zirga-zirga har watan Disamba na shekarar.

Ga kuma iyaka. Tun 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba da biza ba har kwana 90. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba mu buɗe namu ɓangaren ba sai Maris 2024, sa'an nan a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. A tsakanin 2019 da 2024 kaɗai an rufe ƙofar nan sau biyu. Wa zai tara albashinsa ya sayi tikitin wata mai zuwa a kan ƙofa irin wannan? Ni kaina na taɓa tsallaka wata iyaka da takarduna cikakku, na shafe fiye da lokacin da na yi daga Landan zuwa Faris ina zaune a kan benci, ina jiran mai hatimi ya dawo daga cin abinci.

Shi ya sa nake cewa maganar taku ce. A cikinku akwai waɗanda za su shiga aikin kwastan da na shige da fice, da ma'aikatar sufuri, da hukumar jiragen ƙasa. Wata rana fayil zai zo teburin ɗayanku ana tambaya: a ina za a duba fasinjan Maraɗi, a tashar Kano da Katsina kafin ya shiga, ko a tsai da jirgi a Jibiya a sauke kowa da kayansa? Wani za a tambaye shi ko a sa jirgin fasinja ran Jumma'a da yamma da Lahadi da yamma, ko a bar layin ga siminti da taki. Wani kuma zai zauna a Gusau lokacin kasafin kuɗi, ana shawarar ko a sa motar safa mai tashi a kan lokaci daga Gummi ta bi Nasarawa da Anka ta sadu da jirgi. Ba za a buga sunan kowa a jarida saboda waɗannan ba, amma su ne za su yanke ko jikan mai jakan gyaɗa zai shiga tarago.

Kafin nan ina da roƙo ɗaya ga ƙungiyarku. Duk wanda zai koma gida hutun nan, ko zai je Katsina ko Maraɗi in hanya ta yi kyau kuma iyaye sun yarda, ya riƙe ɗan littafi. Ya rubuta ƙarfe nawa ya isa tasha, ƙarfe nawa mota ta tashi, sau nawa aka tsai da su, minti nawa suka yi a kowane shinge, nawa ya kashe. Ku tara waɗannan ku buga a mujallarku da sunan kowace hanya da ranar tafiya. Ni na fara nawa tun daga tashar Nasarawa shekaranjiya, ga shi nan zan bar wa edita.

Shugaba, na ga kana duban agogo.