Yadda Ake Yi Wa Robar Babur Fenti Ya Kama, Ya Daɗe

Wannan jawabi ne domin masu koyon sana'ar fenti da gyaran babura a karkara.



Baburan zamani suna da roba da yawa a jikinsu. Akwai murfin gefe, da robar saman taya, da ta kewayen fitila. Rana takan cinye launinsu, sai mai babur ya kai wa mai fenti. Ranar farko aiki ya yi kyau. Ba da daɗewa ba sai fenti ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai babur ya yi asarar kuɗi, mai fenti ya yi asarar suna.

Me ya kawo haka? Roba ba ƙarfe ba ce. Tana da santsi, tana lanƙwasa, kuma maiƙo yana manne mata. Saboda haka ƙarkon fenti yana ga aikin da aka yi kafin a fara feshi.

A san irin robar

Roba iri-iri ce. Sau da yawa kamfani yakan rubuta irinta a bayan kayan. Mai fenti ya juya ya karanta. In ya ga ABS, wannan tana karɓar fenti da sauƙi, amma tina mai ƙarfi tana narkar da ita. In ya ga PP ko lamba 5, wannan mai taurin kai ce, fenti ba ya kama ta sai da dabara. Yawancin kujerun roba irinta ne. In ya ga PE, ko lamba 2 ko 4, irin robar jarka ce, ita ma fenti yana wahalar zama a kanta.

In babu rubutu, a yanko ɗan ƙanƙanin yanki daga inda ba a gani, a jefa a kofin ruwa. Yawanci PP da PE suna tasowa sama, ABS kuwa tana nutsewa.

Wanki da gurza

A kwance robar daga jikin babur. A wanke ta da omo da ruwan ɗumi, ciki da waje, a ɗauraye sosai. Ko sabuwa ce a wanke, domin akan shafa wani abu mai santsi a masana'anta don roba ta fita daga mazubi. Kada a wanke da fetur ko kananzir. Fetur yana lalata wata robar, kananzir kuma yana barin maiƙo.

Daga nan a gurza da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, ana jiƙa ta da ruwa. A gurza a hankali har ƙyallin ya mutu ko'ina. Wannan ƙaramin kaushi shi ne abin da fenti zai riƙe. In akwai tsohon fenti mai ɓarewa, a cire shi duka. A sake ɗaurayewa, a bari ta bushe a inuwa, a goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit. Bayan wannan kada a taɓa fuskar robar da hannu, domin hannu yana da maiƙo.

Shimfiɗa kafin launi

Akwai fentin shimfiɗa da ake kira firaima. Na ƙarfe daban, na roba daban. A nemi wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na roba ne. Ga PP da PE wannan dole ne, in ba haka ba aikin banza aka yi. Araha ba ta ado.

Launin shimfiɗa yana canja launin sama. Rawaya da ja suna fitowa sosai a kan farar shimfiɗa. In aka fesa su a kan baƙar roba kai tsaye, sai su yi duhu.

Yadda ake feshi

A girgiza gwangwani kamar minti biyu. A riƙe shi nesa da robar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Hannu ya riƙa tafiya, kada ya tsaya wuri ɗaya. A fesa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, ana jira minti 10 zuwa 15 a tsakani, ko yadda aka rubuta a gwangwani. Fenti mai kauri yana zuba, yana daɗewa bai bushe ba, kuma yana tsagewa in roba ta lanƙwasa.

A ƙarshe a fesa ruwan ƙyalli marar launi. Shi ne yake kare fenti daga rana. Jan launi ya fi bukatarsa, domin yana saurin koɗewa.

A lura da yanayi. Da hunturu ƙura tana faɗawa kan ɗanyen fenti, saboda haka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Da damina a guji ranar hadari, domin danshi yana sa fenti ya yi fari-fari. Kada a fesa a tsakar rana, kuma kada a kai roba kusa da wuta don ta bushe, lanƙwashewa za ta yi.

Gwaji da haƙuri

Fenti yakan bushe a sama, cikinsa da saura. A bar shi kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗaura, a yi kamar mako guda kafin a wanke da ƙarfi. In fetur ya zuba a kai, a share nan da nan.

Mai fenti nagari yakan yi gwaji tukuna a bayan robar. In fenti ya bushe sosai, ya ja 'yan layuka da reza su gicciye juna, ya manna salatef, ya fizge. In fenti ya biyo salatef, da saura a wanki, ko gurza, ko shimfiɗa.

A kula da lafiya

Tiririn fenti da tina guba ne. A yi aiki inda iska take shiga, a rufe hanci da baki da takunkumin masu fenti. A kori yara daga wurin. Ban da sigari, ban da wuta, kuma kada a jefa gwangwanin da ya ƙare a wuta, fashewa yake yi. Wani fentin yana ɗauke da dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yara. Don haka kada a yi wa cikin bokitin ruwan sha, ko kwanon abinci, ko kayan wasan yara fenti.

Mai babur kuma ya tambayi mai fenti: an wanke? An gurza? An yi shimfiɗar roba? Kada ya matsa a ba shi kaya ranar da ya kawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa albarka a sana'a. Wassalam.