Jawabi Ga Kafintoci: A Duba Majinginar Inji



Injin nan mai fere katako da daidaita kaurinsa yana da wani ƙarfe a tsaye, wanda katako ke jingina da shi. Ana karkata shi daga digiri 90 zuwa 45. To, kada ku dogara da lambobin da ke jikinsa.

Ku cire filogi tukuna, don wuƙar inji ba ta san yatsa ba. Ku share dusar katako, ku daidaita ƙarfen da sikwaya, ku ɗaure noti. Ku sake aunawa, domin wajen ɗaurewa yakan goce.

Sannan ku fere bakin katako biyu. Ku kwantar da su, fuskar da ta jingina tana sama, ku haɗa bakinsu. In akwai tazara, ku sake gyara kafin ku taɓa katakon mai aiki.