Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Fannin Kasuwanci, Maraɗi

 

Ƙaramar ƙasa ba ta yanke wa kayanta farashi a kasuwar duniya, sai dai a faɗa mata. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma hatsarin Fukushima da ya auku a Japan a 2011 ya isa ya karya darajarsa, kuma a watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar Akokan. Ga man fetur na Agadem ya fara fita a 2024 ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Alheri ne, mun gode Allah. Sai dai shi ma a wasu birane ake yanke kuɗinsa, kuma bakin bututun yana ƙasar maƙwabci.

Batun hanya kuwa kun gani da idonku. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, gingimari suka yi layi a Ɗan Isa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da ke kan iyakar Benin ta tsaya cik, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma Lome, suna ratso Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan buhun shinkafar talaka.

To, mene ne a hannunmu? Albasa da dabbobi. A nan nake so in daɗe, 'ya'yana. Albasar Galmi ta yi suna har Akra da Abijan, babu mai musu. Amma ku je gona lokacin cira. Manomi ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, kowa ya kawo tasa kasuwa a mako guda, dillali ya taya yadda ya ga dama. Wanda ya daure ya zuba a rumbu, zafi da damina su ruɓar masa da kaso mai yawa. Kafin farashi ya tashi, albasar Holan ta sauka daga jirgin ruwa a Abijan, an tankaɗe ta girma ɗaya, kowane buhu da nauyinsa a rubuce. Ba ɗanɗano ta fi tamu ba. Ajiya ta fi mu, da awo, da cika alkawari. Shanunmu ma da ƙafarsu suke ƙetarawa, ribar nama da ta fata ta zauna a can.

A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Yarjejeniya ba ta cike wa kowa takardar duwan, ba ta gina ɗakin ajiya. Wannan aikinku ne.

Don haka ina roƙonku, kada ku raina alhazan da suka yi fatauci shekara da shekaru babu takarda. Sun san hanya, sun san mutane. Ku zauna kusa da su, ku riƙe musu lissafi, ku rubuta musu yarjejeniyar ciniki, ku haɗa manoma ƙungiya don su sayar da murya ɗaya. Hukuma kuma muna kira gare ta da ta rage shingayen kan hanya, ta sauƙaƙa bashin gina ma'ajiya.

 Ɗalibai, Allah ya sa albarka a abin da kuka koya.